Kunyoyin Gero a Cikin Kwamfutata

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau ma kwamfutar nan ta ci mini mutunci. Ɗan matsar da layin titi na yi don ya kauce wa rijiyar wani ƙauye a hanyar Baure, sai manhajar zane ta sandare. Na je na yi azahar na dawo, tana nan tana tunani. Oga Jafaru ya leƙo: "Sama'ila, in sabon zane bai fito Alhamis ta sama ba, tsohon za mu miƙa." Tsohon kuwa ta kan rijiyar ya bi. Ita kaɗai gare su.

Talata, 8 ga Oktoba
Siddiƙa, sabuwar injiniyar ofishinmu, wai in yanka fayil ɗin mu raba aiki. Ji mini ƙarfin hali! Ni na ɗauko titin nan tun daga Daura a fayil guda, babu hannun kowa a ciki.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na kama ɓarawon! Ashe bayan huɗa aka yi awon filin da jirgi mara matuƙi. Duk kunyar gero da ke tsakanin nan da Baure ta shigo, baiwar Allah manhaja tana lissafa kowacce kamar tudu. Ina za ta motsa? Na tace ɗigon awon, na bar na gefen titi da na hanyar ruwa, gonakin nesa na datse su. Hoton sama na ware shi daban. Na hana ta sake lissafi sai na ba ta izini. Yanzu kafin in kurɓi shayi ta buɗe. Wallahi ko a Kano ba kowa zai gano wannan ba. Har gida na ba matata Rahmatu labari, ta ce, "To Injiniya, tuwon dai na hucewa."

Litinin, 14 ga Oktoba
Buɗewa dai tana yi. Amma da na taɓa kwanar titin sai ta koma gidan jiya. Raina a ɓace yake.

Talata, 15 ga Oktoba
Na yanka titin gida-gida. Shawarata ce, ba don wata ta faɗa ba. Kwalbatoci sun sha mini kai, dole na miƙa wa Siddiƙa yankin rijiyar. "Ranka ya daɗe, in zana kwanar?" Na ce ta gwada, ai zan gyara.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Mun miƙa. Rijiya ta tsira, Alhamdulillahi. Oga ya yabe ni a gaban kowa, kuma na cancanta.

Kwanar tata na bi ta ciki da bai ina neman abin gyarawa. Ban taɓa komai ba.

Oga ya ce sabon aikin titin Kongolam nawa ne, ni kaɗai kamar kullum. Na ce a'a, a yanka fayil ɗin biyu tun daga farko. Ya ce, "Ɗayan na wa?" Na ce ai ya sani.