Ba Zan Janye Shaidata a Kan Niranjan Ba

Surat, 9 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Trilochan,

Daga nesa na durƙusa na taɓa ƙafafunka. Ubangiji Jagannath ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya sa ruwan bana ya ishi shinkafarmu a Ganjam. Na ji 'yarka Kuni ta sauka lafiya, na yi murna ƙwarai. Ni ina nan, sai kunnen hagu da ƙarar injin saƙa ta gama da shi.

Saƙonka ya iso, cewa in janye shaidata don a saki ɗanka Niranjan, tunda jini ɗaya muke. Da baki ba zan iya yi maka musu ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara huɗu ana yankar kaso goma sha biyu cikin ɗari na albashinmu, wai ana zubawa a asusun ajiyar ma'aikata na gwamnati don ranar tsufa. Da saƙon shaidar zubi ya daina shigowa wayoyinmu, ni na je ofis na tambayi Niranjan, tunda shi ne manajan masaƙarmu. Ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce na'urar gwamnati ce ta lalace, in daina mita kamar tsohuwa. Na koma na shaida wa masaƙa sittin cewa ƙanena ba zai yi mini ƙarya ba. Da bakina na kwantar da su, Kawu! Sai da Pitambar, wanda injinsa ke kusa da nawa, ya faɗi ya mutu, matarsa ta kwana biyu a jirgin ƙasa ta zo karɓar ajiyarsa, aka nuna mata ba a zuba ko rupi ɗaya ba tun tuni. Ta zauna a ƙasa, ta tambaye ni ko ni ne ɗan'uwan manajan.

Ban ce Niranjan ya ci kuɗin ba. Mai masaƙar ne ya cinye, ya tsallake ƙasar waje. Ka tuna da aka ba ɗanka muƙamin darakta da sabon babur, kuka raba alewa gida-gida? Ranar ce aka rubuta sunansa a takardar hukuma a matsayin mai alhakin zuba kuɗin, kuma mai wannan sunan doka take kamawa. Wannan wauta ce, na yafe masa ita. Amma bayan haka ya sani. Duk wata shi ke sa hannu a yanka, ya kuma fito ya sha shayi da mu.

Ranar Lahadi na kai masa abinci gidan yari. Ya rame sosai. Ya roƙe ni in ce ban taɓa tambayarsa ba, na ce masa ba zan iya ba. Ranar ashirin da ɗaya zan tsaya gaban alƙali in faɗi wanda ya cinye, in faɗi wanda ya rufa masa asiri. In kana son taimakonsa, ka ce ya ba lauyansa saƙonnin da maigidan ya riƙa aiko masa cewa ya riƙe kuɗin. Har yau yana ɓoye su, wai mutumin ya yi masa alheri!

Ka gaishe mini da Inna Sulochana da Kuni da jaririnta. Na aika wa matar Niranjan rupi dubu biyu saboda yara. In ta ƙi karɓa don daga hannuna ya fito, ka ce mata kai ka bayar.

Ɗan ƙanwarka,
Bhagaban