Ciwon da Wanzami Bai Gani Ba

Zuwa ga Sarkin Noma, jagoran gayyar gandun fada.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan kai da iyalinka kuna lafiya, Allah ya sa mu ga ƙarshen daminar nan da alheri. Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne Isuhu masaƙi na nan Matameye, wanda ka sa aka yi wa shela ranar kasuwa cewa in ban fito gayyar maimai ta Alhamis mai zuwa ba, za ka kai magana fada a karɓe fadamar gidanmu a ba wani. Ban iya alƙalami ba, malamin unguwarmu na roƙa ya rubuta mini. Na kuma roƙi a karanta ta a ƙofar masallaci in an sauko Juma'a, tun da a bainar jama'a aka kira ni rago.

Na farko. Ina da ciwo, tsofaffi suna ce masa amosanin ƙashi, da shi aka haife ni. Ba ya kumbura, ba ya fashewa, ba ya wari. In ruwan sama ya dake ni, ko na yi aikin ƙarfi har gumi ya bushe a jikina, sai ya sauko mini a gwiwa da gadon baya da ƙirji, kamar an zuba ƙasusuwana a turmi ana kirɓawa. A lokacin ko zane aka rufa mini sai na yi kuka, ni da furfura a gemu. In ya sake ni sai in miƙe tas, in koma bakin saƙata, kowa ya gan ni garau. An sha saiwa, an yi rubutu, mahaifiyata ta kai ni har Tsauni wurin mai magani tun ina goye. Bai tafi ba.

Na biyu. Al'adar gayya na san ta, ba a tilasta wa mara lafiya. Amma mai kurkunu yana nuna zarensa naɗe a tsinke, mai karaya yana nuna karan ɗori, mai gyambo kuwa ƙuda ma sun ishe shi shaida. Ni me zan nuna? Ka turo wanzami ya duba ni, na gode. Sai dai ya zo ran da nake tsaye. Ya tarar da ni a bakin saƙa ina jefa ƙoshiya, ya latsa gwiwata, ya sa na zaro harshe, ya kafa mini ƙaho ya ga jini ja, ya koma ya ce maka ko shi bai fi ni lafiya ba. Ban ga laifinsa ba, fata ce sana'arsa. Masu ƙaunata sun ba ni shawara in sa a yi mini sakiya da ƙarfe a ƙauri, in bar wurin ya ruɓe, in ɗaure tsumma, shi ke nan a rabu da ni. Wallahi na yi tunanin haka har na ɗauki ƙarfen na ajiye. Na kasa, don ban ga yadda zan ƙirƙiri ciwon ƙarya alhali na gaskiya na cina ba.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Ka san ƙanena Haro, ciwonmu ɗaya. Bara a gayyar noman fari ya zauna gida kamar yadda na zauna, sai makaɗan noma suka bi ta ƙofarmu suna sa sunansa a ganga, wai mai gemu ya shiga wankan jego. Yara suka ɗauka, mata suka kai rijiya. Haro mutum ne mai zuciya. Na hana shi, mahaifiyarmu ta riƙe masa riga, ya fizge ya saɓi hauyarsa ya tafi. Hadari ya taso da azahar, ba a tashi aiki ba, aka ce ruwa ba ya kashe namiji. A kan ƙyauren kara aka dawo da shi. Ya kwana biyu yana cizon tabarma, numfashi na sarƙe masa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka, jikinsa sumul, ko ƙwarzane babu. A wurin zaman makoki ina ji da kunnena ana mamaki, wai mutum lafiyarsa ƙalau. Kai ma ka zo gaisuwa, ka ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ka faɗa, ranka ya daɗe, ba mai wuce kwanansa. Amma makaɗan nan har yau in za su zuga samari sai su ce kada a yi noman Haro, kuma ba ka taɓa tsawata musu ba.

Na huɗu. Ana cewa wanda ya iya jan jigo yana ban ruwan albasa ai ya iya noma. A fadamata ni ke da ikon kaina. In na ji ƙashi ya fara tsami sai in ajiye in shiga inuwa, matata da matar marigayi su ƙarasa. A gayya ganga ce ke da iko, wanda ya miƙe tsaye ya zama abin waƙa. Fadamar nan kakanmu ya sare ta. Rakenta da albasarta su ke ciyar da tsohuwa da marayun Haro, don saƙa ba ta riƙe gida biyu. Karɓe ta ba ni kaɗai za a hora ba.

Ga roƙona. Ba gudun aikin fada nake ba. A ba ni aikin zaune: in tuƙa igiyar ɗaurin dami gwargwadon yadda gandu ke bukata, in tsare tsuntsu in gero ya ƙosa, kai ko makaɗan in saƙa musu riguna. A hana su ambaton ɗan'uwana, ya isa haka. In kuma shaida ake so, a ce wa wanzami ya jira sai an aika masa ran da nake kwance, ya zo ya zauna ya saurara, ba sai ya taɓa ni ba.

In duk wannan bai samu karɓuwa ba, to Alhamis zan fito, don ba zan zuba ido a raba marayu da abincinsu ba. Na wasa hauyata, na yi sallama da mahaifiyata, ta ƙi amsawa. Abu ɗaya nake nema: in na faɗi, kada a yi gaggawar kai ni gida. A bar ni nan bakin gona kowa ya zo ya kalla ya ƙoshi, kai ma ka sauko daga doki ka duba, sannan a rubuta wa 'ya'yan Haro fadamarsu.

Allah ya ja zamaninka, ya cika rumbunan gandu, ya ba ka ikon yin adalci. Allah ya tsare ka da zuri'arka daga ciwon da sai an rantse kafin a yarda.

Wassalam.
Isuhu masaƙi, Matameye.