Ranar da Muka Fashe a Shagon Tela

Zuwa ga Takwarata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu bai cinye sauran idon naki ba. Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Na ji an ba ki aiki a gidan kallon taurarin nan na kan dutse, ubanki ya ce ba inda za ki, wai nisa. Jiya na same shi a shago na wanke shi tas. Yana taka keken ɗinki yana "To Inna, to Inna," har yawuna ya ƙafe. Ko zare bai tsinke masa ba.

Ke ma faɗa min, mene ne a saman nan da ba ya kalluwa daga tsakar gidanmu?

Kakarki, wadda kika sace wa suna.

*

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya sauwaƙe gwiwa.

Taurari garke-garke suke zaune, cikin iskar gas, kuma daga ita ake samun sababbi. Babban tauraro idan ya tsufa fashewa yake yi, ya tunkuɗa iskar da ke kewaye da shi. Guda ɗaya ba ya yin wani tasiri: ya ɗan buɗa wuri, iska ta sake rufewa. Amma idan da yawa suka fashe a wuri guda, wannan na bin wannan, sai su huda garken, iskar ta yi waje da gudu. In garken ƙarami ne, ta tafi ke nan. In mai nauyi ne, yakan jawo ta ta dawo. Wannan nake son in auna.

Sun ce in ba da amsa kafin wata ya ƙare, ko su ba wani. Ba zan tafi ba sai da yardar Baba.

Jikarki mai biyayya.

*

Takwara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe laifina ne, ni kaɗai na fashe.

Na tara gwaggonninki kaf, tsofaffin taurari, muka cika shagon. Na ce kada a yi tare, a bi layi. Babbar ta fara: "Ƙanena, kai da ka gudu birni koyon ɗinki da takalmin Baba?" Kafin ya ce "Yaya," ta biyu ta ɗauka. Autar kuwa zama ta yi a kan yadin wani ango, ta ce ba ta tashi.

Ya ce, "Inna, wa ya kitsa wannan?"

Na ce, "Ilimin da ka biya wa kuɗin makaranta."

Keke ya tsaya. Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "In ta tafi ba ta dawo ba fa?" Na karanta masa ƙarshen bayaninki, inda kika ce garke mai nauyi yakan jawo iskarsa ta dawo. Ya mai da tabarau ido, mu ma muka kwashe mayafanmu.

Ki dai yi addu'a.

Kakarki.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Aiko min da awon kafaɗarki da tsawon hannu. An ce dutsen akwai sanyi. Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

Takwara, ni ce na ƙwace biron. Tun jiya na fara ƙara kwanon tuwon da nake ci. Je ki abinki, garken nan zai yi nauyi.