Furannin Bikin Auta

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zaman nisa ya zama alheri. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafar Baba da ke motsawa jefi-jefi, amma yana fita shago.

Kin tambaya ko an gama shirin bikin Auta. An gama komai, abin da ya ja mana ka-ce-na-ce furannin da za a ƙawata ɗakin taro ne. Mama ta ce jajaye, don su ne ke fitowa a hoto. Auta kuwa ta kafe sai shuɗɗa, ta ƙi faɗin dalili. Kin san halin su biyun, har suka daina cin abinci a kwano ɗaya.

Ni na ja Auta kicin na ritsa ta, sannan ta faɗa mini. Ashe angon idonsa ba ya bambanta ja da kore, haka aka haife shi. Jan fure da ganyensa duk kala ɗaya yake ganinsu, dushi-dushi kamar ƙasa. Shuɗi ne kawai yake gani tar. Ta ce ba za ta yarda kowa ya ga adon bikinsu ban da shi ba. Kunya ce ta hana shi faɗa, ita kuma tana rufa masa asiri.

Da Mama ta ji, sai hankalinta ya tashi. Ta ce an ɓoye mata ciwo, ta fara maganar a ɗaga biki. Sai da maƙwabciyarmu nas ta zauna da ita ta yi mata bayani cewa ba makanta ba ce, kuma ba ya ƙaruwa. Duk da haka Mama ba ta sauko ba.

Ranar Asabar muka je lambun mai furanni, angon ne ya kai mu. Mai lambun ta ce shuɗi na ainihi yana da wuyar samu, yawancin na kasuwa farare ne aka rina, kuma suna zuba a tufafi. Nata na gaske suna can ƙarshen lambu, ƙanana, a tukwanen ƙasa. Ina kallon Mama tana kallon angon. Ya wuce layin jajayen nan masu ɗaukar ido ko waiwaye bai yi ba. Da ya iso kan shuɗɗan sai ya durƙusa, ya daɗe yana duba su, ya ma manta surukarsa na tsaye. Mun ɗauki shuɗɗa, aka haɗa da farare kaɗan.

Washegari Mama ta aike ni wurin tela in karɓo jan leshinta tun bai yanka ba, ta sa na canzo mata shuɗi. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta son surukinta ya yi ta nemanta cikin taro.

Ki gaishe da maigidanki, da yaran, Babban Mutum da Ƙaramar Hajiya. Baba da Mama da amarya suna gaishe ku.

Taki har kullum,
Yayarki