Baƙin Akwatin da ke Durowar Alhaji

Nassarawa GRA, Kano
4 ga Oktoba, 2010

Zuwa ga ’yata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan sai godiya.

Kin kira ni jiya kina kuka, ban fahimci rabin abin da kika ce ba. Shi ya sa nake rubuto miki ta hannun Garba direba. Mace mai aure, ma’aikaciya a Kaduna, tana shessheƙa a waya saboda hoto! Abin da na tsinta shi ne, wai kin buɗe kwamfutarki hotunan mahaifinki sun ƙi fitowa.

Bari in tuna miki. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari’a na so in raba gidan nan da hotuna, Alhaji ya hana, na yi shiru don miji ne. Da Allah ya karɓe shi, ina cikin takaba, ke kika durƙusa kika ce in ba ki sati biyu ki kwashe su cikin na’ura kafin in ƙone. Na ba ki sati uku. Kika ce da bakinki, “Umma, duk sun shiga kwamfuta.” Sannan na kai albam bakwai bayan gida na kunna ashana.

To yanzu in sun ɓata, sakacin wa? Tun kina firamare ba kya dawowa da murfin kwanon abincinki. Ni dai ban rasa komai ba. Shekara talatin da ɗaya na zauna da mutumin nan, fuskarsa na cikin zuciyata. Ke ma addu’a ya fi buƙata daga gare ki, ba kallo ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

Kaduna
8 ga Oktoba, 2010

Umma,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki. Na karɓi faɗan, ban musa ba.

Ga abin da ke faruwa. In na buɗe manhajar da nake jera hotuna a ciki, duk ɗari huɗu da goma sha biyun suna nan a jere, ƙanana kamar kan sarki. Amma kowanne da alamar tambaya a kusurwarsa, in na danna don ya buɗe sai ta ce ba ta ga ainihin hoton ba. Shekara biyu ina ɗaga ido in gan su a jere, zuciyata ba ta taɓa barina in buɗe ko ɗaya ba sai ranar nan.

Na kai wa Malam Gregory, mai kula da kwamfutocin ofishinmu, mutumin Zariya. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan manhaja ba ta ɗauko hotunanki ba, adireshin inda suke kawai ta rubuta, ta ajiye ’yan inuwoyinsu. Ina kika zuba su ranar farko?” Sai na tuna. Ƙaramin baƙin akwatin nan mai igiya, wanda na bari a durowar teburin Baba ta ƙasa. Ya ce da an jona shi komai zai dawo.

Don Allah Umma ki naɗe shi a tsumma ki ba Garba ranar Litinin. Akwai hotonsa ranar da ya dawo daga Hajji yana dariya, hular ta karkace. Shi kaɗai nake so in gani.

’Yarki,
Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
19 ga Oktoba, 2010

Hafsatu,

Assalamu alaikum. Na san Litinin biyu sun wuce Garba yana zuwa miki hannu rabbana, kuma na ga kiranki ban ɗaga ba. Ba ciwo nake ba.

Ga akwatin nan. Amma kafin ki jona shi ki karanta wannan.

Ana saura kwana huɗu azumi na buɗe durowar ina neman takardar asibiti, na gan shi. Na ce abu mai amfani yana zaune ƙura na cinsa, wannan almubazzaranci ne. Hajiya Asabe ta makarantarmu ta Islamiyya ta ce ana zuba tafsiri a irinsa. Na kai shi shagon wani Zubairu a Badawa. Ya jona, ya ce, “Hajiya, akwai kaya a ciki fa, hotuna ne da yawa. In bar su?” Na ce, “Goge. ’Yata ta kwashe su tuntuni.” Ya sake tambayata. Na ce masa ba na son a maimaita min magana. Ya goge, ya cika shi taf da tafsiri da karatun Alƙur’ani. Da shi muka yi azumin bana, mata goma sha huɗu a falona kowace hantsi.

Ba zan ce na yi nadamar tafsirin ba, Allah ya tsare ni. Kuma ke kika ce duk sun shiga. Da kin tsaya kin koyi abin da kike taɓawa kafin ki ba babba tabbaci, da ba mu zo nan ba. Amma yaron ya tambaye ni sau biyu. Wannan ba zan ɗora miki ba.

Ki tambayi Gregory ɗin naku ko abin da aka goge yana dawowa.

Mahaifiyarki

Kaduna
28 ga Oktoba, 2010

Umma,

Ina gaisuwa. Na yi kwana uku ban iya ɗaukar biro ba, ki yafe min.

Malam Gregory ya yini biyu a kansa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce da gogewa kawai aka yi, da ya dawo da su, amma an zuba sabon abu a kan gurbinsu har ya cika. Guda tara ya tono. Biyar na ginin gidanmu ne ana aza bulo, biyu na ragon suna, ɗaya na tsohuwar motarsa. Na taran Baba ne a tsaye bakin ƙofa, babbar riga da takalmi sun fito tas, daga kafaɗa zuwa sama toka ce kawai.

Abin da ya rage ’yan inuwoyin nan na cikin manhaja. Ya ce in an ƙara musu girma sai su dagule. Ya wanke min na dawowar Hajjin yadda yake. Guda biyu na sa ya yi. Ɗaya na cikin ambulan ɗin nan. In ba kya so a gidanki, ki dawo min da shi, kada ki ƙone.

Bai taɓa tafsirinki ba. Garba zai kawo miki akwatin.

’Yarki,
Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
1 ga Nuwamba, 2010

Hafsatu,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Ban rataye shi ba, kuma ba zan rataye ba. Yana cikin durowar, inda akwatin yake a da.

Na fita da shi tsakar gida da rana tsaka, na sa tabarau, na ɗora na Alhaji a kan nawa. Na ga hular, na ga fararen haƙora. Amma tabon nan na girarsa, wanda ƙofar mota ta ji masa shekarar da aka haife ki, ban gan shi ba. Hoton ya yi ƙanƙanta.

Ni na wanke ciwon, ni na sa masa magani. Tun ranar da na karanta wasiƙarki ta farko nake ƙoƙarin tunawa, na kasa. A girar hagu yake ko ta dama?

In kin tuna, kada ki jira Garba. Ki kira ni, zan ɗaga.

Allah ya jiƙansa, ya yi miki albarka.
Ummanki