Ɗakin Baya na Tsohon Caji Ofis

Litinin, 2 ga Mayu, 1994
Takarda ta fito. Tsohon caji ofis na bakin kasuwa ya zama nawa, fili da gini. Ni, ɗan Ilu mai jaki, da na fara da buga bulo da hannuna. Kafin ruwa ya sauka zan baje shi ƙasa in tayar da siton siminti. Ko tubali ɗaya ba zan bari ba.

Laraba, 4 ga Mayu
Malam Ezekiel na sashen ayyuka ya tare ni a sakatariya da wani fayil da gara ta cinye gefensa. Wai ginin tun zamanin En'e yake, 'yan doka suka fara zama cikinsa, 'yan sanda suka gaje su, sai bayan an ba mu jiha suka koma sabon ofis. Wai daga nan har Gagarawa babu sauran irinsa. "Alhaji, tarihin garinku ne fa." Mutumin da ya zo daga Filato shekaranjiya shi zai karanta mini tarihin garinmu! Na ce, Malam, tarihin nan a tsaye na koye shi, a bakin ƙofar, da kwanon tuwo a hannuna. Bai gane ba. Ban yi masa bayani ba.

Alhamis, 5 ga Mayu
Na je Maigatari. Na samo leburori da mai tifar da zai kwashe ƙasar.

Asabar, 7 ga Mayu
Na shiga ciki, karon farko tun ina shekara tara. Bangon ya kai kamu biyu kauri, rana na dukan waje amma ciki sanyi kamar randa. Azarar giginya ko lanƙwasa ba ta yi ba. Bakan da ya riƙe rufin zauren yana nan daram. Haushi ya kama ni da na ga har yanzu yana da kyau.
Ga kantar da ɗan doka ke bincika tuwo da sanda kafin ya miƙa. Ga ɗakin baya, taga ɗaya mai ƙarfe uku. Wata biyu babana ya yi a tsare a nan don ya kora jakinsa da gyaɗa zai tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu. Kullum safe a fito da shi yana kwaɓa ƙasa a gaban 'yan kasuwa, wando a naɗe, ana kallo. A makaranta sunana ya koma ɗan fursuna. Har ya rasu bai taɓa ɗaga maganar ba. To ni ban manta ba.

Talata, 10 ga Mayu
Baba Sajo magini, tsohon nan da ba a kira shi ba, ya zo ya zauna a dakali yana taunar goro da dasashi. "Alhaji, wannan ba bulonka ba ne da akuya ke turewa." Leburori suka kwashe da dariya. A gabana! Na ce ya tashi ya ba mu wuri. Ya ce shi tun kafin a haife ni yake zama a dakalin nan, kuma ba a rubuta dakali a takardata ba. An rubuta mana. Na dai ƙyale shi saboda furfura.

Alhamis, 12 ga Mayu
An zubar da barandar kwanon da 'yan sanda suka ƙara. Gobe ɗakin baya. Ni zan fara sa diga da kaina.

Juma'a, 13 ga Mayu
Bugu biyu na yi, simintin da aka shafe bangon ciki da shi ya ɓamɓaro kamar ɓawo. A ƙarƙashi ga tsohon yaɓe, ja, da sawun yatsu an ja su a lanƙwashe tun daga sama har ƙasa, layi bayan layi, babu wanda ya karkace. Baba Sajo ya leƙo ya shafa. Ya ce, "Ƙirga." Na ce in ƙirga me? "Mai yaɓe sawu huɗu yake bari. Wannan uku ne, da gurbi a tsakiya."
Lauje ya cire wa babana yatsan tsakiya tun yana saurayi.
Baba Sajo ya ce shi ne shugaban aikin yaɓen a shekarar, an ba shi 'yan tsare shida, Ilu kaɗai ya bari ya taɓa bangon ciki. Na ce me ya hana ka faɗa tun ran Talata? "Korata ka yi, ba tambayata ka yi ba."
Na sallami mutane da wuri, na ce Juma'a ce.

Lahadi, 15 ga Mayu
Na gaya wa Iya, ina zaton za ta ce in rushe abin kunyar kowa ya huta. Ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce duk shekara in damina ta kusa sai babana ya zaga bayan ofishin ya duba ko bangon ya tsage, ya dawo ya ce mata bai tsage ba. Na ce, Iya, a ɗaure fa aka sa shi! "A ɗaure ɗin. Hannun dai nasa ne." Sai ta ƙara da cewa gonarsa ta zama filin bulona, ɗakinsa ni na rushe na yi mata na siminti, hoto kuwa bai taɓa ɗauka ba.
Ɗakin simintin ai don ita na yi.

Laraba, 18 ga Mayu
Mai tifa ya zo, na ce ya dawo bayan Sallah. Ezekiel ya gaishe ni da fara'ar da ba ta yi mini ba. Kada ya ɗauka fayil ɗinsa ne ya yi aiki.

Asabar, 4 ga Yuni
Hadari ya haɗo daga gabas jiya, bai zuba ba. Leburori duk sun koma sharar gona, dole rusau ya jira rani, ba wani abu ba. Siton ma in an duba, filin hanyar Gumel ya fi shigar mota.
Indararon ɗakin baya ya karye, in ruwa ya sauka bangon zai sha. Na aika wa Baba Sajo ya zo gobe da safe ya gyara. Ya aiko a tambaye ni wa zai kwaɓa masa ƙasa.
Na fito da tsohon wandona.