Ɗanɗanon Shayin Baba

Tan Cuong, 3 ga Maris

Yaya Khiem,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya hayaniyar Hanoi?

Yaya, haushinka nake ji. Me ya kai ka gaya wa Baba cewa a ɗakin bincikenku sinadarin koren shayi yana rage yaɗuwar ƙwayoyin ciwon daji? Na san ka ce a cikin farantin gwaji ne, ba a jikin mutum ba, amma wannan bai shiga kunnensa ba. Ranar Litinin ya ƙi zuwa asibiti. Buta biyar na shayi yake sha kullum, wai ɗansa masani ya ce maganinsa na gonarsa ta shayi. Ƙullutun wuyansa kuwa sai girma yake. Inna ta yi kuka har ta gaji.

Na haddace magana irin ta jarumar littafin da nake karantawa, don in shawo kansa ya je asibiti. Da na tsaya gabansa, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, a ƙara ruwa?"

Ka kira shi mana!

Ƙanwarka,
Nhai

Tan Cuong, 12 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ka.

Ashe Baba fakewa ya yi da maganarka. Likita ya ce magani zai ɗauke masa ɗanɗano na watanni, ga tsinkar ganyen shayi ta farko ta zo. Na ji yana ce wa Inna a bakin kaskon gasa ganye, "Wa zai ɗanɗana ganyen? Khiem mai shan shayin leda, ko wannan sarauniyar mafarkin?"

Da ni yake, raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ce ganyen da aka gasa jiya ya kama hayaƙi ba. Ya harare ni, ya jera kofuna uku, ya ce in nuna mai hayaƙin. Na nuna. Kwana biyar yana jarraba ni, sau ɗaya na kuskure. Bai yabe ni ba. Cewa ya yi idan na ƙona ganye ina karatun soyayya, da littattafaina zai hura wuta.

Ranar Alhamis zai hau motar safe zuwa asibiti a Hanoi, ya bar mini kaskon. Ka tare shi a tasha, kuma kada ka sake ambaton farantin nan.

Inna ta sa masa shayin da na gasa a jaka. Ka haɗa masa tun kafin a fara magani, ka rubuto mini abin da ya ce. Ko da zagi ne.

Taka,
Nhai